Golf GTI Mk5 a titunan Sakkwato: gudun da take da shi da wanda doka ta yarda

Ƙaramar mota ce, amma injinta mai lita 2.0 da turbo yana ba da ƙarfin doki 200, kuma tana kai kusan kilomita 235 a awa. Wannan lissafin titin Jamus ne. A Najeriya dokar hanya ta tsayar da motar gida a 50 cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen titi. Ke nan kan hanyar Birnin Kebbi ko Illela ko rabin gudunta ba za ka taɓa ba.

Inda take burgewa shi ne wuce tirela: daga tsaye zuwa 100 daƙiƙa bakwai ne da ɗoriya, birkinta kuma yana kamawa.

Sai dai ba ta son ganganci. Mai giyar DSG, wato wadda ke canza giya da kanta, a canza mata man giya duk kilomita 60,000, in ba haka ba ta fara fizga. Akwai wani ɗan ƙarfe kamar murfin kwalba ƙarƙashin famfon fetur, makanikai na ce masa cam follower. In ya cinye ya huje, sai ya ci kamshaf, sandar ƙarfen da ke buɗe bawul ɗin inji. A sa bakanike ya buɗe ya duba kafin a biya kuɗi. Baƙin mai 5W-40 take sha, ba na bakin titi ba.

Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana gwada lagireto da fanka, ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska da wuri. Cikinta a ƙasa yake, rami ɗaya kan iya fasa kaskon mai.