Gargaɗi ga makaɗan Tawa kan mai sayar da tsirkiyar jitar bas

Jika 20 na sefa na tura wa wannan mutumi, kuma har yanzu idan na tuna muryarsa sai in ji kunyar kaina. Shekara 12 ina kaɗa bas a wuraren biki a nan Tawa, ba yau na fara canza tsirkiya ba, saboda haka kada wani ya ce rashin sani ne ya kai ni.

Abin da ya sa na yarda da shi shi ne ya san kaya. Da na tambaye shi kaurin tsirkiyoyin, bai yi inda-inda ba, ya ce lamba 45 zuwa 105, na kamfanin D'Addario, na dogon wuya mai inci 34, har ya tambaye ni ko tawa mai tsirkiya huɗu ce ko biyar. Ɓarawo na yau da kullum ba ya tambayar haka. Ya ce: "Babban yaya, shagona yana bakin Babbar Kasuwa a Yamai, in ka shigo gari ka zo mu sha shayi." Wannan maganar shayi ita ce nake ta maimaitawa a raina.

Jika 10 na fara turawa, sannan jika 8, sannan jika 2 na mota, duka jika 20. A Facebook na fara ganin tallarsa, kuma tun ranar Talata, wato kafin in cika kuɗin, ya aiko mini bidiyon kwalin a WhatsApp yana juya shi a hannu.

Saƙon ya iso tasha ranar Juma'a da yamma, ga biki ranar Asabar. Don ɗoki ban buɗe ledar ba sai da na sassauta tsofaffin na datse su da filaya, waɗanda na dafa a ruwan zafi har sau biyu don zufa da dattin da suka kashe musu murya su fita, kuma da na bar su da sun kai ni Asabar lafiya. A cikin sababbin, tsirkiyar sautin Mi, mai kaurin, ko kan jitar ba ta kai ba balle a naɗa ta. Ta La tana da tsatsa a tsakanin naɗin. Ta Sol kuwa ina cikin ɗaure ta a hankali ta tsinke daga gindi, ta yanke ni a yatsa. Zobban da ke gindin tsirkiyoyin duk launi ɗaya ne, alhali na ainihi kowanne da launinsa, abin da na sani sarai amma ban duba ba.

Na kira shi, ya ce yana masallaci, daga nan lambar ta daina shiga. Ƙanena da ke Yamai ya zagaya bakin kasuwar, babu wanda ya san shagon. Da aron jita na yi bikin, jika 20 sun tafi, ga tsofaffin a datse.

Hotunan hirarmu da rasit ukun suna hannuna, zan sa su gobe in Allah ya kai mu. Kada ku tura kuɗi sai naku ya riƙe kayan, kuma kada ku yanke tsohuwa sai kun gwada tsawon sabuwa.