Kwazazzabon Red River da Sansanin Boonesborough: Sharhin Ziyara

Wanda duk harka ta kai shi jihar Kentucky ta Amurka, shawarata ya ware lokaci ya leƙa kwazazzabon Red River. Daga Lexington tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota. Wurin yana cikin gandun dajin Daniel Boone, kuma akwai bakunan dutse sama da 100 waɗanda ruwa da iska suka fafe a jikin dutsen yashi, babu hannun ɗan Adam ko kaɗan.

Mun shiga ta Nada, wata hanya da aka huda cikin dutse wajen 1910 zuwa 1911 domin jirgin ƙasa mai kwasar katako. Tsawonta ƙafa 900, mota ɗaya kawai take ɗauka, babu fitila a ciki. Sai ka tsaya a baki ka tabbatar babu mai tahowa, sannan ka kunna fitilarka ka kutsa. Bangon duk tsurar dutse ne, ruwa na ɗiga a gilashin mota.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Natural Bridge, wani bakan dutse kusa da ƙauyen Slade. Tsayinsa ƙafa 65, daga wannan gefe zuwa wancan kuma ƙafa 78. In ka tsaya ƙarƙashinsa ka ɗaga kai, sai ka tuna bakan gizon da maginanmu ke ɗaurawa a soron sarakuna, sai dai wannan ikon Allah ne tsantsa. Akwai kujerun lilo da ke kai mutum sama da kuɗi, amma ni na fi son hawa da ƙafa. Hawan akwai wuya, gwiwa za ta gaya maka, sai dai a hanya ne za ka ga jikin dutsen da kyau: jajayen jijiyoyin ƙarfe sun nannaɗe a ciki, ga ƙananan ramuka birjik, in ka shafa sai yashi ya biyo yatsa. Daf da ƙarshe akwai wani matsattsen tsagi da sai ka karkace kafin ka wuce. A saman babu shinge ko ɗaya. Mai yara ya riƙe su gam, don a wannan yanki ana samun masu faɗowa daga gaɓar dutse, ba wasa ba ne.

Saura ƙiris wani ɓangare na kwazazzabon ya nutse. An shirya gina madatsar ruwa a kogin Red River, jama'a suka tashi tsaye, har alƙalin Kotun Ƙoli William O. Douglas ya zo ya yi tattaki a 1967 don nuna adawa. A 1993 aka sa kogin cikin waɗanda dokar tarayya ta kare.

Masaukin da muka kama, wani ɗakin katako a cikin daji, tsaf yake amma bai kai kuɗinsa ba. Hanyar hawa gidan tsakuwa ce mai gangara, waya ba ta kamawa, kuma ba a faɗa mana ba tun farko. A sauke taswira a waya kafin a shiga, a kuma tafi da guzuri, don samun naman halal a wannan yanki sai an sha wuya.

Daga nan muka nufi Boonesborough a bakin kogin Kentucky, inda Daniel Boone, wani maharbi cikin Turawan da suka fara zama a Kentucky, ya kafa sansani da mutanensa a 1775. Wanda ake gani yau sake ginawa aka yi. Ɗakunan gungumen itace ne jere, an kewaye su da katangar itace, ga maƙeri yana hura wuta, ga masu saƙa da masu narka kitse suna yin kyandir. Na daɗe a wurin maƙerin, ina kallon yadda yake fitar da ƙusa ɗaya bayan ɗaya.

Amma labarin wurin ba na jarumtar Boone kaɗai ba ne. Ƙasar farautar 'yan ƙabilar Shawnee ce, 'yan asalin nahiyar, aka zo aka zauna musu. A farkon 1778 suka kama Boone lokacin da ya fita da mutanensa dafa gishiri, shugabansu Blackfish ya ɗauke shi ɗa, ya gudu bayan 'yan watanni, su kuma suka yi wa sansanin ƙawanya a watan Satumba har kwana goma sha wani abu ba su ci shi ba. A cikin katangar akwai bayi baƙaƙen fata, irin su Monk Estill da ke haɗa musu albarushi. Wannan ɓangaren ne ya fi taɓa ni, kuma ina ganin bai kamata baƙo ya tafi bai tambaya a kai ba.

Watan Oktoba ya fi kyau, lokacin da ganye ke komawa ja da ruwan ɗorawa, amma a guji Asabar da Lahadi saboda cunkoso. A sa takalmi mai kama ƙasa, a fara da sansanin da safe, a ƙarasa a kwazazzabon.