GARGAƊI ga masu mota mai turbo a Katsina da Daura: mai sayar da bust kontirola ya cinye mani dubu ɗari ya kashe mani injin

Jama'a don Allah duk mai Golf 4 ko Passat ko Audi mai injin 1.8T ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura ma wani ko sisi. Akwai wani yaro da ke yawo a guruf-guruf na masu motoci a Facebook yana tallan bust kontirola na hannu (abin ƙara bust, wato matsin iskar da turbo ke hurawa cikin injin), wai orijinal Turbosmart daga Ostareliya, wai har da gejin bust a haɗe. Ƙarya yake yi. Dubu tamanin da biyar na ba shi, 85,000, daga baya ya ƙara karɓar 15,000, dubu ɗari cif kenan, kuma yanzu haka da nake rubutun nan Passat ɗina tana gareji an sauke mata kan injin, fistin ɗaya ya tsage. Wallahi hannuna rawa yake yi saboda ɓacin rai.

Kuma tun kafin wani ya zo yana ce mani mi ya kai ka, ni ba yau na fara riƙe mota ba, kuma ban sayi abin nan ido rufe ba. Na san aikin shi. Turbo tana da wata ƴar ƙofa da ake ce ma westiget, in iska ta kai wani matsi sai ta tura sandar ƙofar ta buɗe, hayaƙi ya bi ta gefe, turbo ta rage gudu. Shi kontirola na hannu ba komi ba ne illa ɗan boris da sifirin a cikin ƙaramin ƙarfe, ana sa shi a tsakiyar siririn tiyon da ke kai iska wurin westiget, ya riƙe iskar har sai ta fi ƙarfin sifirin sannan ta wuce, shi kenan ƙofar ta makara wajen buɗewa bust ya ƙaru. Mutane na sa shi a duniya motarsu ta zauna lafiya in abin na kirki ne kuma an saita da geji. To ina laifin wanda ya nemi abin da ya san aikin shi?

Abin da ya sa na yarda da shi, kuma shi ne yake ta dawo mani a rai har ba na iya barci, maganar da ya yi mani ce da muka haɗu wajen Ƙofar Ƙaura bayan la'asar. Ni na ce mashi ina son bust ɗin motar ya kai bar 1.2, bar shi ne ma'aunin matsin iskar. Sai ya girgiza kai ya ce a'a Yaya, turbo ɗinka K03 ce, ƙarama ce, daga kamfani wajen 0.6 take bayarwa, kada ka wuce 0.9 tsakani da Allah, ga zafin garin nan ga man da muke sha, ba na son in ci kuɗinka in kashe maka mota. Haka ya ce. Ba na son in ci kuɗinka in kashe maka mota. Ku gaya mani wane ɗan damfara ne yake hana ka abin da kai da kanka ka nema? Ya san sunan turbo ɗin, ya buɗe bonet ya nuna mani bawul ɗin N75 da yatsa ba tare da ya yi lalube ba, wanda shi ne biren bokis, wato kwamfutar mota, ke amfani da shi wajen juya bust, ya ce za mu zagaye shi. Har da aka kira magariba tare muka shiga masallaci, sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Da muka fito na ce in tura duka, ya ce Yaya bari in ɗaura tukuna ka gani da idonka. Wa zai yi zargin irin wannan?

55,000 na kontirola, 30,000 na geji, shi ne 85,000. Gejin wai yana hanya daga Legas, ya ƙare a hannun shi, sati mai zuwa zai iso.

Na manta ban faɗa ba, tun farko ba ni na neme shi ba ma, bidiyo ya sa na wata jar Golf tana tashi a kan titi ana jin kukan turbo, mutane sun cika ƙasan da yabo, wani na cewa ya sa mashi mota ta koma sabuwa, wani na cewa Allah ya saka. Yanzu da na koma na bi su ɗaya bayan ɗaya sai na ga yawancin akawun ɗin ba hoto, ba abokai, ba komi sai yabon shi. Duk na yi sikirinshot, zan ɗora su.

To maganar geji, don na san nan ne za a kama ni. Ba haka kawai na hau titi ba. Ya ciro wani geji na shi daga jaka ya jona, mota na tsaye a fakin ba giya, ya taka totur ya ce duba Yaya, allurar ko rabin bar ba ta kai ba, na bar maka ita ƙasa-ƙasa, in naka ya iso sai mu ƙara a hankali. Na gani da idona allurar ba ta hau ba. Sai daga baya bakanikena yake gaya mani ai turbo ba ta tara iska sosai in mota na tsaye, sai tana jan nauyi a kan titi, a giya uku ko huɗu an danne totur, nan ne ake ganin gaskiyar bust. Ashe wasan kwaikwayo ya yi mani da gejin, kuma ya san abin da yake yi sarai, mutumin da ya san K03 da N75 ba zai ce bai san wannan ba.

Da farko kau motar ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba, ka taɓa totur ta zabura. Amma a kan ring rod na danne ta sai ta yi wata irin fizga kamar an yanke mai, fitilar cek injin ta kawo. Nan take na kira shi, ban yi wasa ba, na kira shi. Ya ce kada ka damu Yaya, biren bokis ne yake koyon sabon bust, ka cire kan batir na minti goma ka mayar, ka ci gaba da taka ta za ta saba. Ina da wannan a saƙon murya, muryar shi ce, zan ɗora kowa ya ji. Alhali motar ihu take yi tana neman ceton kanta, don da aka sa mata kwamfuta a gareji lambar da ta fito P0234 ce, wato bust ya wuce ƙa'ida.

A tsakanin nan ne ya karɓi 15,000 ɗin, ko kafin fizgar ne ma, oho, ranar dai da ya ce geji ya iso Kano direba ya riƙe sai an biya kuɗin kaya. Na tura. 85,000 da 15,000. Har yau ban ga ko kwalin gejin ba.

Ranar da abin ya faru Daura za ni gaisuwar rasuwa, ni da ƙanena da wani dattijo maƙwabcinmu da ya roƙi in rage mashi hanya. Rana ta take, mun wuce Mashi kaɗan na fito zan wuce wata tirela, na sauko giya uku na danne, sai na ji ƙara daga injin kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani, kafin in ɗaga ƙafa ƙarfin mota ya mutu, ta fara rawa, hayaƙi shuɗi ya turnuƙe bayanmu, ga tirela a gefena ga wata mota ta taho gaba. Allah ne kaɗai ya sa na samu na koma hannuna. Dattijon nan salati kawai yake yi. Da na buɗe bonet sandar gwada baƙin mai ta yi tsalle ta fito, mai ya fantsama ko'ina. A bakin titi muka bar bawan Allah ya hau motar haya, ni kuma aka jawo ni da igiya har Katsina, ina zaune a sitiyari mutane na kallo. Kunyar wannan dattijon ta fi kuɗin ci mani rai, mutum ya amince ya shiga motarka.

Da bakanike ya kwance kontirolan a gabana ya zazzage shi a tafin hannu, abin da ya faɗo wani guntun sifirin ne mai kauri wanda ko da filaya da ƙyar yake matsuwa, da boris mai tsatsa da ya cije a ramin shi sai da aka buga shi da ƙusa ya fito. Ya hura iskar kwamfiresa ta ciki ba abin da ya fita ta ɗaya gefen. Ma'ana tun ranar da aka ɗaura shi iska ba ta taɓa isa westiget ba, ƙofar a rufe take ruf, turbo na ta hura iya ƙarfinta ba mai tsayar da ita. Ɗan ramin da ake yi ma na kirki don ya saki iskar da ta maƙale ma babu shi. Sunan kamfanin kuma sitika ce, da farce ya ɓare ta, ƙarƙashi ba rubutu ba lamba. Kamfanin ba ruwan su, sunan su kawai aka sata. Bakaniken ya ce iska ta yi yawa, ta yi zafi, mai bai isa ba, wuta ta riƙa tashi kafin lokacinta, shi ne ƙarar da na ji, shi ya fasa gefen fistin inda ringi ke zama. Turbo ɗin ma sandar ta tana girgiɗi.

Lissafin da aka yi mani, fistin da ringi da gasket da turbo ta Beljiyam daga Ƙofar Ruwa a Kano da kuɗin aiki, 420,000. A kan abin 55,000. In ka haɗa da dubu ɗarin shi 520,000 kenan, ni da nake tara kuɗin makarantar yara.

Na kira shi a daren, ya ɗauka, ya ce innalillahi Yaya gobe da safe ina nan tafe da kaina. Da safe waya a kashe. WhatsApp ya yi bulokin ɗina, Facebook ya canza suna da hoto amma bidiyon jar Golf ɗin na nan bai cire ba, da shi na gane shi. Shagon da ya ce yana da shi a Kano ƙanena ya je har layin ya tambaya, ba wanda ya taɓa jin shi. Sunan da ke kan akawun ɗin da na tura kuɗi ma ba shi ne sunan da ya gaya mani ba, a lokacin ya ce na maigidan shi ne, kuma wannan ai ba baƙon abu ba ne, yaran shago da yawa haka suke yi, kowa ya sani.

Mutumin da ya ce ba ya son ya ci kuɗina ya kashe mani mota. Sahu ɗaya muka yi salla. Ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi.

Na kai ƙara, an ce in dakata da sa suna da lambar akawun har a gama bincike, shi ya sa ban sa ba, amma rasit na tiransifa biyu, 85,000 da 15,000, da hirarmu da saƙon muryar da hoton sifirin ɗin duk suna nan, da an ba ni dama zan zuba su. Wani bawan Allah daga Daura mai Golf 4 ya riga ya yi mani magana, shi ma an karɓi kuɗin geji bai gani ba, na ce ya je ya cire abin yau ɗin nan ya mayar da tiyon N75 yadda yake.

In za ku sa, geji a cikin mota tukuna, a kwance abin a hura a gabanku, a gwada a kan titi ba a fakin ba, kuma in mota ta fizga ku tsaya. Wanda ya san yaron nan mai bidiyon jar Golf, ko shi ma ya karɓar mashi kuɗi, ya same ni ta inbos, ina haɗa sunayen waɗanda ya cuta.