Tsakanin Lucy Stone da Hannah Swensen, ga wadda za ki saya

Anti, tunda kuɗin littafi ɗaya kika ware wa hutun Disamba, ki ɗauki Mistletoe Murder na Leslie Meier, ki bar Sugar Cookie Murder na Joanne Fluke. Duka biyun suna kan kantata, na san abin da nake faɗa.

Na Meier ɗin a gwanjo na tsince shi, bangon ma ya cinye. Jarumar labarin, Lucy Stone, ba 'yar sanda ba ce, matar aure ce mai 'ya'ya a wani ƙaramin gari na ƙage, Tinker's Cove, a jihar Maine ta Amurka. Aikin dare take yi, tana amsa wayar masu odar kayan Kirsimeti. Ta fita shan iska kenan ta tarar da mai kamfanin, Sam Miller, a mace cikin motarsa. Kowa ya ce shi ya kashe kansa, ita ta ce a'a. Abin da ya ɗaure ni shi ne bincikenta irin na matan unguwa: ga girki, ga ɗawainiyar yara, ga kunne a buɗe wurin tsegumi. Babu jini male-male, shi ya sa na iya karanta shi da dare. Lokacin hunturu ne, an ɗauke wuta, na ƙudundune cikin bargo da fitilar waya, sai kiran assalatu na ji. Ranar kokon yara ma a makare ya zo, maigidan ya yi ta mita.

Ɗayan kuwa, na 2004, kuɗina nake tunawa. Jarumarsa, Hannah, mai shagon gasa biskit ce a jihar Minnesota, an yi kisa da wuƙar yanka kek a wurin walimar Kirsimeti, labarin bai gama zafi ba ya ƙare, sauran shafukan duk tsarin girke-girke ne da kayan haɗin da ba za ki samu a kasuwarmu ba.

Wani abu da ba ki tambaya ba: littafin Meier ya fara fitowa a 1991 da sunan Mail-Order Murder, daga baya aka sauya masa suna. Labari ɗaya ne. Wani mai sayarwa a WhatsApp ya so ya haɗa mini su a matsayin na ɗaya da na biyu, Allah ya sa na leƙa shafin farko. Kuma ki kiyayi masu buga na jabu, takarda shara-shara, tawada tana bin yatsa. Ƙanwata ta taɓa sayen irinsa, babin ƙarshe babu shi, har yau ba ta san wa ya yi kisan ba. Kada ki tura ko sisi sai mai sayarwar ya ɗauko miki bidiyon shafin ƙarshe.

In ya yi miki, littattafan Lucy suna nan jere, kusan kowane bikin Amurkawa da nasa. Turancin ma mai sauƙi ne.