Ƙaramin talabijin ko monita: wanne ya dace da mai buga gem?

Idan ɗakinka ƙarami ne, kuɗin hannunka ma ba su taka kara sun karya ba, kuma abin da kake nema shi ne allon da za ka jona PS4 ko PS5 ko Xbox, abubuwa kaɗan ne za su zo gabanka a kasuwa. Akwai sabon ƙaramin talabijin mai inci 19 zuwa 32, akwai na hannu da ake shigowa da su daga Turai, akwai monitar kwamfuta, sai kuma babban talabijin mai inci 43 ga wanda zai iya daurewa ya ƙara kuɗi. Ni dai ba zan ɓoye ba, monita mai inci 24 nake ba kowa shawara ya saya, kuma ƙaramin talabijin ne ya kai ni ga wannan ra'ayi.

Wanda na taɓa saya mai inci 24 ne, siriri, baƙi wuluk, an rubuta Full HD ɓaro-ɓaro a jikin kwalinsa. A shago an kunna mini bidiyon furanni da tsuntsaye, launi ya fito tar. Da na jona PS4 na sa ƙwallo, sai abu ya canza. In danna fasin, ɗan wasa ya yi kamar yana shawara kafin ya saki ƙwallon. In ga mai tsaron baya ya taho, in danna in kauce, kafin allo ya nuna an riga an ƙwace. Sunayen 'yan wasa da ke ƙasan allo sun yi dishi-dishi, agogon wasa da ke kusurwar sama kuwa an yanke masa gefe. Na laluba saitinsa kaf, babu Game Mode, wato saitin da ke rage jinkiri don gem, babu inda za a hana shi yanke gefen hoto. Mai shago ya ce fad ɗina, wato abin dannawar da ake riƙewa a hannu, shi ne ya tsufa. Fad ɗin nan dai shi nake bugawa da shi har yanzu a kan monita, lafiya lau.

Wannan jinkiri tsakanin danna maɓalli da ganin abin a allo shi ne ma'auni na farko ga mai gem, kuma ba a rubuta shi a kwali. Talabijin yakan karɓi hoto ya tsaya yana gyara shi, ya ƙara launi, ya goge dusa-dusa, ya daidaita girma, sannan ya nuna. Mai kallon labarai ko fim ba zai taɓa lura ba. Amma gem mai tafiya da hoto 60 a sakan ɗaya, kowane hoto bai kai milisakan 17 ba (milisakan 1000 ne sakan ɗaya). Talabijin da ke riƙe hoto na milisakan 100 ya bar ka a baya da hoto shida ke nan. A EA Sports FC ko eFootball, hoto shida ya isa a ci ka. Talabijin na kirki idan aka sa shi a Game Mode yakan sauko zuwa milisakan 10 zuwa 20. Ƙananan masu araha kuwa, an ƙera su ne don shago da kicin da ɗakin mai gadi, ba wanda ya yi tunanin mai fad a hannu.

Ma'auni na biyu yawan ɗigon da ke allon. Full HD na gaskiya ɗigo 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye, jimilla sama da miliyan 2. Galibin talabijin masu inci 32 zuwa ƙasa 1366 ne da 768, wato kusan rabin wancan. Daga nesa ba laifi. Amma mai gem a ƙaramin ɗaki bai fi taku biyu tsakaninsa da allo ba, kuma gem ɗin zamani cike yake da ƙananan rubutu da taswira a lungu.

To ga monita. Aikinta tun asali shi ne ta nuna abin da kwamfuta ta aiko nan take, ba tare da kwalliya ba, don haka ko mai araha a cikinsu da wuya ka ji nauyin hannu. Ba ta yanke gefen hoto. Idan an ce 1080 ce, mafi yawan lokaci 1080 ɗin ce, kuma a faɗin inci 24 wannan adadi yana fitar da rubutu tsaf. Ka nemi mai allo samfurin IPS, domin shi ne launinsa ba ya juyewa idan abokin wasanka ya zauna a gefe. Samfurin TN ya fi araha, amma wanda ke zaune a ƙasa kan tabarma zai ga hoton ya yi duhu. VA ya fi fitar da baƙi sosai, sai dai wasu sukan bar inuwa a bayan abu mai gudu. Mai PS4 kada ya wahalar da aljihunsa neman 144Hz, wato allon da ke sauya hoto sau 144 a sakan, na'urarsa ba ta wuce 60. Mai PS5 ko Xbox Series S kuwa zai amfana, don akwai wasannin da ke kaiwa hoto 120 a sakan, kuma tun 2022 PS5 ta fara fitar da hoto mai ɗigo 1440 a tsaye ga monitocin da ke karɓarsa.

Ga batun wuta, wanda a wurinmu ba ƙaramin batu ba ne. Monita mai inci 24 takan ci wajen wat 20 zuwa 30. Ƙaramin janareta ko inbata mai batir ɗaya ba za su ji ta ba, na'urar gem ɗin ce ma mai ci, musamman PS5 da ke kaiwa wajen wat 200 idan wasa ya yi zafi. Sannan kana iya jona mata kwamfutar tafi-da-gidanka da rana ka yi aiki, ko dikoda mai ramin HDMI ka kalli ƙwallo da dare.

Aibinta sauti. Da yawa ba su da sifika, masu ita ma muryar ba ta da daɗi. Amma fad ɗin PS4 da na PS5 duk suna da ramin iyafis a ƙasansu, monitoci da dama kuma suna da ramin fitar da sauti a baya inda za ka sa ƙaramar sifika. Ba ta da rimot, wannan kuma ban ga abin damuwa a ciki ba ga allon da hannunka ke kaiwa gare shi daga inda kake zaune.

Sauran zaɓin ba sa buƙatar dogon bayani. Babban talabijin mai inci 43 na kamfanin da aka sani yana da kyau idan falo za ka sa shi kuma kana da kuɗin, amma ba shi muke magana ba. Filazma ta asali tun 2014 manyan kamfanoni suka daina ƙera ta, ga nauyi ga zafi ga cin wuta, a bar ta. Majigi kuwa sai ɗaki ya yi duhu, kuma masu araha sun fi talabijin jinkiri. Talabijin na hannu mai inci 32 daga sanannen kamfani ya fi sabon da ba a san asalinsa ba, idan ka samu mai Game Mode kuma fitilunsa ba su gaji ba.

Yanzu ga inda ake cutar mutane, kuma a nan nake so ka buɗe ido, domin araha ba ta ado.

Sunan da ke gaban talabijin ba hujja ba ne. Ana liƙa tambarin babban kamfani a kan kayan da ba nasa ba, har tambarin da ke fitowa idan an kunna ana iya sauya shi. Juya bayansa ka karanta lambar samfurin, ka sa ta a Google a wayarka nan take a gaban mai shago. Idan ba ta fito a shafin kamfanin ba, wataƙila jabu ne. Duba rimot ma, na jabu yakan zama mara nauyi, maɓallansa na rawa, kuma tsarin saitin da ke fitowa a allo ba ya kama da na kamfanin.

Ka kula da wayon rubutu. Idan kwali ya ce talabijin yana “karɓar” 1080 ko 4K (mai ninkin ɗigon 1080 sau huɗu), ma'anarsa zai amshi hoton ya matse shi zuwa 768 ɗinsa. Har PS4 ɗinka za ta iya nuna maka cewa 1080 take fitarwa, alhali allon bai da ɗigon da zai nuna shi. Duk wanda ya miƙo maka talabijin mai inci 24 ko 32 ya ce 4K ne, ka ajiye masa kayansa. Haka lambobin 120 da 200 da ake bugawa da sunan santsin motsi, yawanci allon 60Hz ne aka yi wa ado. Ko a monita, “1ms” da ake rubutawa saurin canjin launin ɗigo ne, ba jinkirin hannu ba.

Inci ma ana ha'inci a kansa. Ana auna allo ne daga kusurwa zuwa kusurwa, gilashin kaɗai, ban da firam. Inci 24 kusan santimita 61 ne, inci 32 kusan 81. Tef ɗin tela ya isa ya raba gardama, kuma za ka yi mamakin yadda wani “32” ke komawa 28 idan tef ya hau kansa.

Akwai kuma tsohon allo da ake sa wa sabon gida. Ka tafi da filashi mai hotuna huɗu, fari sol, baƙi, ja da kore, kowanne ya cika allo. Fari zai tona fitilun da suka gaji, za ka ga wani wuri ya yi duhu ko ya koma shuɗi-shuɗi. Baƙi zai nuna hasken da ke tsiyaya ta gefe. Ja da kore su fito da matattun ɗigo. Kada ka yarda da bidiyon mai shago, an zaɓe shi ne don ya rufe waɗannan.

Monitocin ofis na hannu, irin waɗanda ake jibgewa a shagunan kwamfuta, su ma a yi hattara. Da yawa ramin VGA kawai gare su, PS4 da PS5 kuwa HDMI kaɗai suke fitarwa. Za a ce maka ai akwai ɗan abin da ke juya shi. Akwai, amma yakan kawo baƙin allo da ɓacin hoto, ga rigimar sauti. Ka ga ramin HDMI da idonka, ka kuma tabbatar 1920 da 1080 ce, don tsofaffin da yawa ba su kai ba.

Babban gwaji dai shi ne ka ɗauki na'urarka da fad ɗinka ka je da su shagon, ba a cinikin biri a sama. Ka sa wasan da hannunka ya saba da shi ka buga minti biyar. Idan kana son ka gani ƙarara, ka sa wani ya ɗauki yatsanka da allon tare da kyamarar waya a yanayin tafiyar hawainiya, sannan ku duba tazarar da ke tsakanin dannawa da motsi. Mai shagon da ya ce babu wuta ko ba a buɗe kwali sai an biya, ka yi masa sallama ka shiga na gaba. Idan an gama gwaji, kada ka bari a shiga ciki da shi da sunan za a naɗe maka, a sa shi a kwali a gabanka. A rasit kuma a rubuta lambar samfurin da lambar da ke jikin naka shi kaɗai, da kwanakin da aka ba ka na mayarwa idan ya ba da matsala.