Wasan jarin haƙar ma'adinai a duniyar wata: wanne ya dace da fadarku?

Kafin ka tura kuɗi a sayo maka Skymines, wasan allo da katuna na kan tebur, fara ƙirga abokan wasanka. Mutum 1 zuwa 4 yake ɗauka, kuma zama ɗaya yakan kai awa biyu da rabi. Idan fadarku ta masu shiga da fita ce, wannan ya tashi sallamar baƙo, wancan an kira shi kasuwa, kwalin zai kwanta yana shan ƙura.

Alexander Pfister da Viktor Kobilke suka tsara shi, ya fito a 2022, kuma sabunta wasan Mombasa ne na 2015. Kamfanoni huɗu ke haƙa a duniyar wata, ba ɗaya da yake mallakinka. Hannun jari kawai kake saye. Duk sansanin da kamfani ya kafa a kan allo yana buɗe alamar kuɗi a gidansa, darajar hannun jarinsa ta hau. In wani kamfani ya kore shi daga wurin, sai sansanin ya koma gida ya rufe alamar. Shi ya sa mai zuba komai a kamfani ɗaya yakan sha kashi a zagaye na 7, wanda shi ne na ƙarshe.

Inda sabon hannu ke tuntuɓe shi ne katuna. Da farko har uku kake kifawa a farkon zagaye, bayan aiki sai ka ɗauko tari ɗaya kaɗai daga katunan da ka yi amfani da su a baya, sannan kowanne cikin na yanzu ya tafi tarinsa. In ka warwatsa katunanka masu ƙarfi, sai ka yi zagaye biyu kana jiransu. Wannan dabarar ita ce daɗin wasan, a ganinmu ta cancanci kuɗinta.

Acquire, na Sid Sackson tun 1964, otal-otal ne ba wata ba, amma ciniki zalla ne: kamfanoni 7, kowanne da hannun jari 25, ba ka sayen fiye da 3 a juyinka, babba ya haɗiye ƙarami. Yana ɗaukar har mutum 6, ana koya shi kafin shayin farko ya nuna. Ga taron da bai wuce Monopoly ba, da shi za a fara.

Terraforming Mars na 2016 kuwa babu sayen hannun jari a cikinsa, kuma katunansa sama da 200 cike suke da rubutu. In ya biyo ta Kano ko Katsina, mai yiwuwa na Ingilishi ne. A Maradi na Faransanci zai fi amfani. Katunan Skymines galibi alamomi ne, littafin dokoki kawai ke buƙatar mai fassara.

Ko wanne ka zaɓa, buɗe kwalin gaban wanda ya kawo, ka ƙirga kayan da jerin da ke littafin. Sa katuna cikin ledar kariya saboda gumi da ƙurar hunturu, amma auna su tukuna don girmansu ya bambanta. A shimfiɗa a tebur mai faɗi nesa da fanka, domin a kan tabarma ƙananan itatuwan zamewa suke.