Wace duniyar intanet za ka shiga? Abin dubawa kafin ka zuba data da kuɗi

Ƙanina da ya gama sakandare bara ya same ni wata rana da yamma, ya miƙo mini wayarsa. A fuskar wayar wani saurayi ne na zane, ya sha jaket da farin takalmi, yana tsaye a bakin teku. "Yaya, ni ne wannan," in ji shi. Kayan da ke jikin saurayin da kuɗin gaske ya saye su, daga ɗan abin da yake tarawa a shagon cajin waya. Ba a yi wata ɗaya ba ya daina buɗe manhajar, domin duk ɗakin da ya shiga babu mai amsa masa sallama. Kuɗin kuwa sun tafi ke nan. Abin ya tsaya mini a rai, don na daɗe ina shiga irin waɗannan wurare, kuma da ya tambaye ni tun farko da na nuna masa wata ƙofar.

Waɗannan duniyoyi wurare ne a intanet da mutum ke ƙera mutum-mutumin da zai wakilce shi, ya sa masa suna da sutura, ya shiga da shi cikin jama'a ana hira, ana wasa, wani wurin har ana ciniki. A talla duk kamarsu ɗaya. A zama kuwa sun sha bamban, kamar yadda majalisar dattawa ta bambanta da teburin mai shayi. Abu biyu ne ke yanke hukunci a wurina: na'urar da ke hannunka, da irin mutanen da za ka tarar a lokacin da kake da sukuni. Kyan hoto shi ne na ƙarshe a lissafi.

Second Life ce dattijuwar cikinsu, kuma ita na fi sani. Kamfanin Linden Lab na San Francisco ne ya buɗe ta a 2003, ƙarƙashin Philip Rosedale. Ba wasa ba ce da ake ci ko a faɗi. Fili ne kawai aka shimfiɗa, kusan duk abin da ka gani a kai, gida ko masallaci ko riga ko doki, mazauna ne suka ƙera. Tana da kuɗinta, dalar Linden, wadda ta shekara da shekaru tana yawo a wajen 250 kan dalar Amurka ɗaya, kuma ana iya mayar da ita kuɗin gaske. A 2006 wata mata mai amfani da sunan Anshe Chung ta yi fice da cewa dukiyarta ta kai dala miliyan ɗaya daga dillancin filaye a ciki. A 2007 Suwidin ta buɗe ofishin jakadanci a can, kuma a ƙarshen wannan shekarar shafin IslamOnline ya gina wurin koyon aikin Hajji, inda mutum zai sa harami ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya.

Amma daren farko a Second Life yana da wuya, gara ka sani tun yanzu. Za ka sauka ka ga kanka kamar curin hayaƙi, domin jikinka bai gama saukowa ba. Bangaye da bishiyoyi duk toka-toka, sai a hankali launi ke shiga. Fankar kwamfuta tana kuka. Ka taka ka taka, ka wuce manyan gidaje, babu kowa. A nan mafi yawan sababbi ke juyawa. Dabarar ita ce ka buɗe taswira ka nemi ɗigo-ɗigon kore, kowane ɗigo mutum ne. Inda suka yi cincirindo, nan ake zama. Tsofaffin hannu da yawa da manhajar Firestorm suke shiga, ba ta kamfanin ba, kuma kyauta ce. Akwai manhajar waya yanzu, tana isar hira da leƙe, amma gini da ɗinki sai kwamfuta mai ƙarfi da wuta tsayayya. Sannan agogon wurin na gaɓar yammacin Amurka ne, mun riga su da awa 8 ko 9 gwargwadon lokacin shekara. Taron da aka sa ƙarfe 7 na yamma a can, ƙarfe 3 ko 4 na dare ne a Kano. Mai son Asubarsa ya nemi tarukan mutanen Turai, waɗanda ke faɗowa bayan Isha'i.

Wani abin da ba zan ɓoye ba: an kasa filayen gida uku, na kowa, na tsaka-tsaki, da na manya zalla, kuma na ukun akwai abin da mai kunya ba zai so gani ba. Ka shiga saiti tun ranar farko ka tsayar da kanka a na kowa. Duk da haka, ga wanda ya mallaki hankalinsa, yana da kwamfuta, kuma yana son koyon sana'ar ƙera kaya, ban ga wadda ta kai ta ba. Abaya da hijabi suna nan iri-iri a kasuwarta. Babbar riga mai aska takwas da hula zanna da za su gamsar da ni ne ban ci karo da su ba, kuma na sha tunanin cewa matashin da ya iya Blender, manhajar ƙera siffofin abubuwa a kwamfuta, ya kuma san yadda aiki ke kwanciya a wuyan riga, yana da abin sayarwa.

IMVU, wadda ta fito a 2004, ta fi sauƙin kamawa. Ɗakuna ne ƙanana, mutane kaɗan a kowanne, hira kuma galibi da rubutu. Tana tafiya a waya mai matsakaicin ƙarfi. Sai dai rayuwar wurin kacokan a kan ado take. Wanda bai sayi suna ba, za a liƙa masa kalmar Guest a gaban sunansa, kowa ya san baƙo ne, kuma akwai ɗakunan da ake yi wa irinsa kallon hadarin kaji. Daga nan matsin yake farawa: sayi suna, sayi gashi, sayi rajistar wata-wata. Mace kuma ta shirya wa saƙonnin da ba ta nema ba, ta koyi inda maɓallin toshe mutum yake kafin ta koyi komai. Idan kana da abokai uku ko huɗu da za ku buɗe ɗakinku ku riƙa haɗuwa, tana da daɗi. Shiga kai kaɗai da fatan samun mutanen kirki, wannan sai sa'a.

Zepeto ta kamfanin Naver na Koriya ta Kudu, tun 2018, da Avakin Life ta Ingila, dangin juna ne: don waya aka yi su, ado da ɗaukar hoto da gajeren bidiyo su ne jigo, kuma matasa 'yan ƙasa da ashirin sun yi yawa, musamman a Zepeto inda mawaƙan Koriya ke da kasuwa. Babba zai gaji da wuri. Habbo ta Finlan, tun 2000, zanenta na da ne, ƙananan mutane a ɗakunan otal, don haka ba ta wahalar da na'ura. Tana da otal na masu jin Faransanci, wanda zai yi wa 'yan'uwa na Maraɗi da Damagaram sauƙi.

VRChat daban take. Ta shiga Steam, kasuwar wasannin kwamfuta, a 2017, kuma a can da baki ake magana. Ka shiga ɗaki ka ji muryoyi, na kusa da kai da ƙarfi, na nesa ƙasa-ƙasa, kamar a tsakar gidan biki. Ba dole sai da tabaran nan mai tsada da ake ɗaurawa a kai ba. Kwamfuta tana yi, akwai kuma ta waya, ko da yake wurare da siffofin mutum-mutumi da yawa ba sa buɗuwa a waya. Shiga kyauta ne, rajistar ƙari kuma wajen dala 10 ce a wata, ba kuwa tilas ba ce. Abin da ya fi burge ni a can shi ne ajujuwa. Akwai ɗakunan musayar harshe inda Bajafane ke koyon Turanci, wani ke koyon Larabci, akwai kuma kurame da ke koyar da maganar hannu, yatsun mutum-mutumin suna bin na mai shi. Ɗalibin da ya iya Turanci a takarda amma bakinsa ke nauyi zai ƙaru ƙwarai.

Farashinta biyu ne. Na farko data: duk wanda ya shigo ɗaki, sai na'urarka ta sauke siffarsa, kuma wasu siffofin nauyi ne da su. Akwai saitin da ke ƙayyade girman siffar da za a sauke, da wanda ke ɓoye siffofin mutanen da ba ka sani ba. Ka kunna su duka biyu, musamman tun da aka amince wa kamfanonin waya na Najeriya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan farashi a farkon 2025. Na biyu shi ne bakin mutane. Muryarka tana fallasa inda ka fito. A farkon 2018 an yi wani yayi a VRChat na kwaikwayon karin harshen mutanen Yuganda don dariya, kuma har yau a ɗakunan da ke buɗe ga kowa ba a rasa yaran da za su ji harshen Afirka su fara shaƙiyanci. Na taɓa faɗin sunan garinmu a wani ɗaki, wani ya hau maganar 'yan damfara, sai wata dattijuwa daga Kanada ta katse shi, ta ja ni wani ɗakin da ake shiga da gayyata. A irin waɗannan ɗakunan na gayyata ne ake samun zaman arziki, kuma sai ka yi haƙurin kwanaki kafin a kira ka.

Iyaye kuwa tambayarsu ɗaya ce, Roblox. Ta fito a 2006, kuma a 2025 masu shigarta a kullum sun haura miliyan 100, yara ne kaso mai yawa. Rumbun wasanni ce da mutane ke ƙerawa, akwai masu kyau, akwai na banza, kuma yaro mai kai zai iya koyon rubuta manhaja a cikinta. Amma hira da baƙi tana nan, shi ya sa Turkiyya ta rufe ta a Agustan 2024, Katar ta bi sahu a 2025, duk a kan kare yara. Kamfanin ya ƙara matakan tantance shekaru, sai dai wannan bai sauke wa uba da uwa nauyi ba. A buɗe wa yaro asusun da shekarunsa na gaskiya, a haɗa shi da asusun iyaye, a rufe hira, a yi wasan a falo inda ake gani. Kada a bar katin banki a maƙale da wayar. Wanda kuma aka ce masa yaro zai yi arziki da Robux, wato kuɗin Roblox, ya sani cewa sai an tara 30,000 da aka samu ta hanyar aiki kafin a fitar, kuma farashin fitarwa wajen kashi ɗaya cikin uku ne na farashin saye.

Wannan ya kawo ni kan kuɗi, inda ƙanina ya ji ciwo. Rigar da ka saya a waɗannan wurare ba taka ba ce. Ƙa'idojin da muke danna amincewa ba tare da karantawa ba sun ce izinin amfani ne kawai aka ba ka, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Ranar da aka rufe asusunka, ko aka rufe duniyar baki ɗaya, komai ya tafi. An kuma sha rufewa. Google ya buɗe Lively a tsakiyar 2008, shekarar ba ta ƙare da ita a raye ba. Sony ya rufe PlayStation Home a 2015, Disney ya rufe Club Penguin a 2017, Microsoft ya rufe AltspaceVR a Maris na 2023. Manyan kamfanoni ne duka, ba talauci ya sa ba. Lissafinsu ne ya canza. Shi ya sa nake ba da maki ga daɗewa. Wadda ta haura shekara 20 tana tsaye, kamar Second Life da IMVU da Habbo, ta nuna akwai jama'ar da ke riƙe da ita.

Filayen da ake sayarwa da kuɗin kirifto, irin na Decentraland, ban ba kowa shawarar su ba. A Nuwamban 2021 an sayar da wani fili a can a kan dala miliyan 2.4, daga baya farashin irin waɗannan filaye ya rushe. Cinikin biri a sama ne. Haka duk wanda ya same ka a ɗakin hira ya ce zai sayar maka da kuɗin wasa da araha, ko ya turo maka wani adireshi ka shigar da kalmar sirrinka don karɓar kyauta, ɓarawo ne. Tun 2007 'yan sandan Holan suka kama wani matashi da ya sace kujeru da tebura na Habbo da darajarsu ta kai Yuro 4,000 ta wannan hanyar, kuma dabarar ba ta tsufa ba. Mai niyyar sana'a kuma, kafin ya ɓata watanni yana ƙera kaya, ya fara tabbatar da cewa hanyar fitar da kuɗin tana aiki da bankin ƙasarsa. Biya da katin naira ma kan ƙi wucewa wani lokaci.

Ga yadda zan raba su. Mai waya kaɗai da ke son hira da abokan da ya riga ya sani, IMVU ko Habbo sun ishe shi. Mai son saki baki da Turanci ko Larabci, ya ɗauki VRChat, ya nufi ɗakunan koyon harshe, ya bar dandalin kowa-da-kowa. Mai kwamfuta da haƙuri da sha'awar ƙira, Second Life. Kowacce ka ɗauka, ka yi mako biyu da kayan kyauta da ake ba sabon shiga, a daidai lokacin da ka saba samun hutu. Ka duba nawa data ta ci a awa ɗaya, wayar tana nuna wannan a saiti. Kada ka sa sunanka na gaskiya ko unguwarku ko lambar waya. Idan mako biyun suka cika akwai mutum biyu ko uku da ke tambayar ina ka shiga jiya, to ka iya sayen rigar.